Yar tsagewar fata da ta kusa raba ni da matata: daga kemis har dakin tiyata

Na dade ina son rubuta wannan abin kunya tana hanani, sai shekaranjiya kanin wani abokina ya jani gefe yana ta kewaye-kewaye kamar wanda yazo neman bashi, da kyar ya fito da maganar, ashe irin abinda ya sameni ne yake cinsa, wato tsagewar fatar kasan gaba lokacin saduwa, kuma har ya dauki irin hanyar da na bi na bata wata bakwai a banza. Shine nace bari kawai in cire kunyar in fadi yadda nawa ya kasance daki-daki, wanda yake ciki ya gane inda zai dosa.

Shekarata 27 lokacin, sati biyu da aure. Kaciyar da akayi min ina karami ba'a cire lobar duka ba, an bar saura da take rufe kusan rabin kan gaban in yana kwance, ni kuma ban taba daukar hakan wani abu ba tunda ban san yadda na kowa yake ba. Abinda dai na sani shine in gaban ya mike sosai nakan ji kamar akwai dan zare a kasa da yake janyo kan yana lankwasa shi, ba ciwo ba ne, dan tsami ne kawai, na dauka kowa haka yake ji. A daren da abin ya faru muna tsaka da saduwa sai naji kamar an tsaga ni da reza, kafin in ankara jini ya bata zanin gado, jini mai yawa fa ba dan digo ba. Matata ta rikice ta dauka daga jikinta ne, ni kuma na ruga bandaki na nade wajen da tishu, wanda ya manne a ciwon ya zama wani aikin daban. Kuskurena na farko kenan, duk bayan minti daya sai in bude in leka ko ya tsaya, shi kuma sai ya sake ballewa. Daga baya likita yake gaya min akwai yar jijiyar jini a cikin wannan zaren shi yasa yake zubar da jini haka, abinda ake yi shine a samu kyalle mai tsabta ko bandeji a danne wajen da yatsu minti 10 zuwa 15 ba tare da an daga ba, in bai tsaya ba a tafi asibiti a daren. Ni na kwashe kusan awa ina bude-rufe.

Washegari ban je ko ina ba. Wa zan fadawa, in ce me? Na dinga zuba wa wajen sipirit ina cije lebe, wai ni mai kashe kwayar cuta, ashe kona fatar nake ina kara jinkirta warkewa. Kwana goma ya rufe, na ga dan farin tabo a wajen nace shikenan an wuce wajen. Muka sake gwadawa ya sake tsagewa a daidai inda ya tsage. Karo na uku kuwa bai tsage ba saboda gaban ma kin tashi yayi gaba daya. Ina kwance zuciyata na bugawa kamar wanda za'a yiwa allura, duk hankalina yana kan wajen ina jiran zafi, abu yayi lakwas kamar ba nawa ba. Tun daga ranar sai ya zama in ya dan mike ma da an zo kusa sai ya kwanta.

Nan na fara zuwa kemis. Nace wa mai kemis din wai abokina ne yake da matsala, ya kalleni ya murmusa, ya hado min kapsul na kashe kwayar cuta da wata shudiyar kwaya guda hudu, bai tambayeni hawan jini ko wani magani da nake sha ba. Sildenafil ce mai 100mg, kwayar da take sa gaba ya mike. Na sha daya, cikin awa daya kaina ya dau ciwo, hanci ya toshe, fuska tayi zafi, fitilar daki ma sai na ganta tana wani shudi-shudi. Gaban ya mike kam, mikewar da ta fi ta da, kuma saboda haka ne ma tsagewa ta uku ta fi sauran muni. Wato na sayi karfin da zai kara yaga ciwon da ban gyara ba. Bayan nan na koma kan na gargajiya, wani ruwa a kwalba mara takarda da wani ya rantse min ganye ne zalla. Abin mamaki ina sha sai ga irin ciwon kan nan da toshewar hancin nan sak. Da na bawa likita labari daga baya dariya yayi, yace ai da yawan irin wadannan ana nika kwayar ne a zuba ciki, hukumar kula da magunguna ta Amurka ma ta sha fitar da gargadi akan kayan karin karfin maza da ake cewa na ganye ne amma in an gwada sai a samu sildenafil ko tadalafil a boye, kuma ba ka san adadin da aka zuba ba.

Watannin nan gidan ba dadi. Na koma dadewa a waje sai na tabbatar tayi bacci, ita kuma ta fara zargin ko bana sonta ne ko akwai wata. Ni a raina na riga na yanke hukunci cewa jijiya ta tsinke na zama ba namiji ba, har na fara tunanin ko asiri akayi min. Ranar da ta gaji ta zaunar dani tace, "Don Allah ka dubi girman Allah ka je asibiti, in kunya kake ji ni zan raka ka, in kuma ka ki wallahi Yayanka zan kira." Wannan barazanar ta kiran Yaya ita ta tashe ni.

Zuwan farko asibiti ni na bata shi da kaina. Na isa da sassafe na bi layin bude kati, na biya, aka bani rasit da lamba, na koma wani layin na awon jini da nauyi. Nas din da take rubutawa ta daga murya a gaban mutane kusan ashirin tace malam me yake damunka, sai naji bakina yace ciwon mara. Da na shiga wajen likita bayan awa uku ina zaune, na tarar mace ce, sai na dora akan karyar, nace mara da dan zafin fitsari. Ta rubuta min gwajin fitsari da magani, na biya kudin gwajin da bana bukata, na dawo gida da ledar magani matata tana murna ni kuma na san ban yi komai ba. Sati biyu suka tafi a haka. Laifin ba na likitar ba ne, abinda na fada shi ta duba.

Zuwa na biyu sai nayi dabara, na rubuta komai a yar takarda tun a gida: fatar kasan gabana ta tsage sau uku lokacin saduwa, tana jini, yanzu wata shida gaban baya mikewa in zan kusanci iyalina, na sha kaza da kaza. A wajen nas nace magana ce da sai likita, ta kyale ni. Da na shiga na mika takardar kawai na sunkuyar da kai. Likitan ya karanta ko gezau bai yi ba, yace dan uwa ai wannan muna gani kullum, hau gado in duba. Dubawar bata fi minti biyu ba. Wata shida ina gudun minti biyu. Ya rubuta min takardar turawa zuwa bangaren likitocin mafitsara da al'aurar maza, su ake cewa yuroloji, ya kuma rubuta gwaje-gwaje: sukari na kafin a ci komai, da wani HbA1c da yake nuna yadda sukarin mutum yake a wata biyu zuwa uku da suka wuce, da kitsen jini, da sinadarin maza testostaron. Na tambaye shi me ya hada ni da sukari ina saurayi, yace yawan tsattsagewar loba da kaikayi yana daga cikin alamun da ciwon sukari yake fara bayyana dasu a wasu mazan, kuma sukarin yana raunana mikewar gaba, don haka dole a cire shi daga lissafi.

A lab ma sai da na sha dawowa. Naje karfe biyu na rana na ci na koshi, ma'aikacin yace ba yau ba, sinadarin maza da safe yake hawa, ana dibarsa ne tsakanin karfe 7 zuwa 11, kuma in zo ban karya ba. Babu wanda ya fada min haka tun farko, ko an fada kunyar da nake ciki ta hana ni ji. Na dawo washegari aka diba kwalba uku. Na sukari ya fito a ranar, na testostaron sai da yayi sati. Duk lafiya lau suka fito. Maimakon inyi murna sai na kara rudewa, to in komai kalau ne me yasa abin ya ki? Na kai takardar turawa bangaren yuroloji suka duba littafi suka bani rana sai nan da sati biyar, don sau daya suke zama a sati. Shawara daya anan, duk takardar da aka baka ka dauki hotonta a waya. Ranar da nazo ganin likitan an nemi fayil dina sama da kasa ba'a gani ba, sai wajen azahar aka bude min na wucin gadi, hotunan sakamakon da suke wayata su suka hana a sake turani lab.

Dakin jiran nan ba zan manta shi ba. Kusan duk dattawa ne, wasu rike da jakar fitsari a cikin leda, ni kadai ne yaro, wani baba na kusa dani sai kallona yake daga karshe yace yaro kai kuma babanka ka kawo? Nace eh baba. A ciki na tarar da babban likita da dalibai hudu, na dan ja baya, shi da kansa ya lura yace in bana so su fita, nace su fita banda daya. Ashe kana da wannan damar, ba wanda zai ji haushi. Ya fara tambayoyi, kuma tambayar da ta juya komai ita ce, "Da asuba in ka farka kana samunsa a mike?" Nace kusan kullum. Yace abin a hankali ya fara ko rana daya? Nace rana daya, bayan tsagewa ta biyu. Ya tambayi sigari, giya, tiramadol, maganin damuwa ko na hawan jini, duk nace babu. Ya bani wani fom mai tambaya biyar na cike, maki 25 ne gaba daya, daga 22 zuwa sama ake cewa lafiya, ni na samu 11. Sai ya ajiye biro yayi min bayanin da da na ji shi tun farko da ban sha wahalar nan ba. Yace a cikin gaba akwai wasu sanduna biyu kamar soso, in sha'awa ta zo jijiyoyi suna sakin wani sinadari da yake sa naman jikin hanyoyin jinin ya saki, jini ya cika sosan, shine mikewa. Tsoro kuma yana sakin wani sinadarin da ake kira adirenalin, shi aikinsa matse wadannan hanyoyin ne. Mutumin da yake jiran a yanka shi da reza jikinsa ba zai bude hanyar jini ba ko yana son matarsa kamar me. Namiji mai lafiya gabansa yana mikewa sau uku zuwa biyar cikin bacci bai ma sani ba, tunda nawa yana yi to jijiya da hanyar jini kalau suke. Wallahi a kujerar nan naji kamar an sauke min buhu daga ka.

Da ya duba sai ya nuna min da kaina. Zaren nan na kasa, furenulum suke ce masa, nawa gajere ne tun asali, kuma duk tsagewa tana warkewa da tabo, tabo kuwa baya mikewa kamar fata, sai ya kara gajarta, shi yasa ta biyu ta fi ta farko saurin zuwa. Yace da bakin lobar ne ya matse ta ki ja baya, wanda suke kira fimosis, da sai a fara da man shafawa mai sitiroyid na sati hudu zuwa takwas ana dan jan fatar a hankali, da yawa suna warkewa ba tiyata. Amma zare mai tabo irin nawa man ba zai yi masa wani abin kirki ba. Zabi biyu ya bani, ko a yi karamin aiki a tsawaita zaren, ko a karasa kaciyar gaba daya. Na zabi na farko don ya fi saurin warkewa, ya kuma fada min gaskiya cewa wasu kadan duk da haka sai sun dawo an karasa kaciyar. Kafin in fita ya lissafa min abubuwan da ba'a jiran ranar asibiti dasu: in loba ta ja baya ta makale a bayan kan gaba ya kumbura ta ki dawowa, in gaba ya mike ya ki kwanciya har awa 4, ko in ana saduwa aka ji kara kamar an karya abu gaban ya kwanta nan take ya kumbura yayi baki. Wadannan bangaren gaggawa ake nufa ko karfe nawa ne. Ya kuma ja min kunne akan shudiyar kwayar, yace mai shan maganin ciwon zuciya irin naitiret in ya hada da ita jininsa zai iya faduwa ya mutu.

An sa min aiki bayan sati uku. Sai da na biya a wajen karbar kudi na kawo rasit kafin a rubuta sunana, aka kuma bani jerin kayan da zan sayo. Ranar na sa hannu a takardar amincewa bayan an karanta min abinda ka iya faruwa, jini, kwayar cuta, canjin yadda ake jin wajen. Ba'a sa ni bacci ba, allurar kashe zafi akayi a gindin gaban, kuma ita ce mafi wuya a duk aikin, dakika kadan ne amma sai da na kira sunan Allah da karfi nas tana cewa sannu malam an kusa. Bayan nan ban ji komai ba sai taba-taba da dan kaurin abin da suke kona jijiyar jini dashi. Suna yanka zaren ne a kwance su dinke shi a tsaye sai ya kara tsawo. Minti 25 aka gama, dinki biyar da zaren da yake narkewa da kansa, na huta rabin awa na tafi gida da kafata ina tafiya kamar kaguwa.

Abin dariya, mikewar da na shafe watanni ina roko ita ta zama azabata a satin farko. Karfe uku na dare zai mike ya ja dinkin in farka a firgice. Dabarar da ta taimaka min ita ce rage shan ruwa da dare, yin fitsari kafin in kwanta, in ya tashe ni kuma in je inyi fitsari ko in dora wani abu mai sanyi a cinya. Wanki da ruwan dumi zalla, a bushe a hankali, a shafa Vaseline don kar ya manne da wando, kuma wando mai dan kamawa ya fi sakakke. Duk sanda na ja lobar na wanke sai na mayar da ita gaba, wannan sun nanata min shi sosai. Kwana na biyar naga wani rawaya-rawaya a kan dinkin na tsorata na koma, nas ta duba tace warkewa ce, abin tsoro shine ja da kumburi da suke karuwa, mugunya mai wari ko zazzabi. Dinkin ya zube da kansa cikin sati na uku. Aka ce ba saduwa sai bayan sati shida.

Na dauka daga nan shikenan, ashe da sauran rina a kaba. Sati shida suka cika, waje ya warke sumul, muka gwada, ya ki tashi. Ranar na fi kowace rana karaya, nace to an gyara fatar ma ga shi. Na koma a ranar da aka bani ta bibiya kamar zan yi kuka, likitan ko mamaki bai yi ba, yace fata ta warke amma kwakwalwa bata samu labari ba tukuna, ka zo min da iyalinka. Muka je tare, ita ma kanta a kasa. Ya yi mata bayanin da yayi min, naga yadda fuskarta ta saki da taji ba kinta nake ba. Sai ya bamu wani umarni da na dauka wasa ne, wai sati biyu an hana mu saduwa, wasa da taba juna kawai, ko ya mike kar a yi. Ya ce mu nemi man santsi mai ruwa don bushewa tana daga cikin abinda yake jawo tsagewa tun farko, ya kuma rubuta min tadalafil karami 5mg kullum na wata daya, bayan ya sake auna jinina. Hikimar ashe ita ce in an cire maka jarrabawa babu faduwa, tsoron sai ya rasa abin kamawa. Bamu kai sati biyun ba muka karya dokar, da na fada masa yace dama haka yake so. Wata daya ya cika na daina kwayar, ban sake nema ba har yau, shekara daya da wata hudu kenan. Wani lokacin in na gaji ko raina a bace yakan dan yi sanyi, yanzu na san ba komai ba ne, mu kwanta gobe ma rana ce.

Da na zauna na hada rasit din da na ajiye, kudin kati da gwaji da aikin da magani duka basu kai abinda na zubar a kemis da kwalaben nan ba, banda kudin mota na zuwan da na bata da karyar ciwon mara. Kuma ba kowa ne nasa zai zama irin nawa ba, akwai wanda gwajin zai nuna sukari ko karancin sinadari ko illar wani abu da yake sha, musamman wanda ko da asuba baya samun mikewa, shi maganinsa daban ne kuma sai an auna ake sani.

Shi kanin abokin nawa tsagewarsa biyu, kwayar kemis ya sha uku. Na sa ya zauna a gabana ya rubuta tasa takardar, layi hudu, ya ninke ya sa a aljihu. Talata zai je, nace ya fita da sassafe kar ya karya ko za'a dibi jini a ranar.